Hazo Daga Waje, Hayaƙi Daga Ciki: Tarihin Iskar Ɗakin Bahaushe Daga Kano Zuwa Kokoro

Idan watan Janairu ya kama a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ruwa ya ɗauke, abu biyu ne ke cika sararin unguwar Kokoro da almuru. Na farko jar ƙura ce, wadda babura da manyan motoci ke tayarwa daga hanyoyin marmara tun da sassafe. Na biyu hayaƙin itace ne, yana tashi daga kusan kowane gida a lokaci guda, domin a wannan birni tuwon rogo da miyarsa a kan itace ko gawayi ake dafa su. Kafin a kira sallar Isha'i sun gauraya, sun sauko ƙasa-ƙasa tsakanin gidaje, sun bi ta ƙofa da taga sun shige ɗakunan kwana.

A ƙasashen sanyi irin su Amurka da Kanada, idan aka tayar da zancen tsabtar iskar ɗaki, tambayar da ake yi ita ce wane mataci za a saya wa na'urar ɗumama gida, kuma bayan wata nawa za a sake shi. A Kokoro babu mai irin wannan na'ura, babu ma mai bukatarta. Amma matsalar da matacin ke magani ta girmi na'urar nesa ba kusa ba, kuma Bahaushe ya yi ɗaruruwan shekaru yana kokawa da ita da ƙasa da ciyawa da ƙyalle. Tarihin wannan kokawa yana da wani giɓi guda: Bahaushe ya san ƙura abokiyar gaba ce, ya gina gidansa don ya tare ta, amma hayaƙi ya ɗauke shi ɗan gida.

Faransawa sun kafa Bangui ranar 26 ga Yuni, 1889, a bakin kogin Ubangi. Tun kafin nan fataken Hausawa sun riga sun san hanyar kudu maso gabas: ta Adamawa, ta Ngaundere, ta Kunde, har cikin dazuzzukan kogin Sangha, suna neman hauren giwa, daga baya kuma roba. Da sabon garin ya fara kama ƙasa sai suka biyo, su da Barebari da Fulani da mutanen Chadi, da shanu da tufafi da kanwa. Turawa sun riƙe bakin kogi, an tura unguwannin baƙar fata can baya, kuma a nan ne kasuwar Kilomita Biyar ta taso, kilomita biyar daga tsakiyar gari, har ta zama babbar kasuwar ƙasar baki ɗaya. Babban masallacin Bangui yana nan, unguwanni irin su Mamadou-Mbaïki da Kokoro suna kewaye. Waɗanda suka zo ba kaya kaɗai suka ɗauko ba. Sun zo da yadda suka san ana zama a gida: inda ake kafa murhu, inda maijego ke kwanciya, da abin da ake yi wa ɗakin amarya kafin ango ya shigo.

Don a gane wannan gado sai an koma arewa, inda iskar hunturu ke mulki daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris. Hazon da ke rufe Kano da Katsina da Maraɗi yana da tushe sananne. A arewacin Chadi, kusa da Faya-Largeau, akwai wani kwari da ake kira Bodele, gindin wani ƙaton tafki ne da ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, wanda Tafkin Chadi na yau ɗan guntunsa ne. Ƙasar wurin fara ce, mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iskar arewa maso gabas tana matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara gudu, ta faɗa wa wannan kwari ta kwashi gari. Wani bincike da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam a 2006 ya ƙiyasta cewa a ranar da guguwar ta tashi a lokacin sanyi, kimanin tan 700,000 na ƙura ke barin wurin. Kwana ɗaya ko biyu sun ishe ta ta iso Kano. Wani masani mai suna Grant McTainsh, wanda ya auna ƙurar da ke sauka a kewayen Kano a shekarun 1970, ya nuna cewa wani kaso na ƙasar noman yankin ma daga sama ya zubo. Wato abin da ke sa manomi tari shi ne kuma ke yi wa gonarsa taki.

Ga kuma ɗari. A watan Disamba na 1823, matafiyan Birtaniya Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, a hanyarsu daga Borno zuwa Kano, sun wayi gari ruwan salkunansu ya daskare. Oudney, wanda dama ciwon ƙirji ke cinsa, bai ga Kano ba: ya mutu a Murmur kusa da Katagum a Janairun 1824.

Maginin Hausa ya yi aikinsa ne a cikin wannan yanayi. Bangon tubali mai kauri, wanda a gindi kan kai rabin mita ko fiye, yana shan zafin rana ya riƙe, ya sake shi a hankali cikin dare. Rufin soro na azara da ƙasa haka yake yi. Taga kuwa 'yar ƙarama ce, can sama kusa da rufi, wani ɗakin ma babu ita sam. Mai shiga gida zai bi ta zaure, ya karkata ya ratsa farfajiya, ya sake karkata ta shigifa kafin ya ga tsakar gida. Gaskiya ne don sutura aka tsara wannan lanƙwasa, don kada idon baƙo ya kai ga matan gida, amma iskar da ta ɗauko ƙura ita ma ba ta samun miƙaƙƙiyar hanya. A kowace kwana sai ta rage gudu ta zubar da wani abu daga kayanta. A bakin ƙofar ɗaki ga asabari ko tufaniya, a bayansa ga labule. Duk wanda ya taɓa kaɗe asabari a ƙarshen hunturu ya ga irin abin da ya tare.

Sauran dabarun na hannun mata ne. Ba a share tsakar gida sai an yayyafa ruwa. Ƙwarya da akushi a rufe suke da faifai, randa da murfinta. Ana shafa wa yara man shanu ko man kaɗanya a leɓe da hanci don kada su tsage. Namiji mai rawani ya ja amawali ya rufe baki da hanci, abin da Buzaye suka mayar ɗabi'ar kowace rana. Babu wanda ya kira waɗannan abubuwa kimiyya, amma aikinsu ɗaya da na matacin zamani: a rage wa iska gudu, a sa ta ratsa wani abu mai ƙananan ƙofofi, a kuma tsabtace abin idan ya cika.

Wuta kuwa labarinta dabam ne. A lokacin zafi murhu yana waje, a madafa ko a gindin katanga, duwatsu uku da tukunya. Da ɗari ya sauko sai wuta ta bi mutane ɗaki. Tsohuwa ta sa kaskon garwashi a gabanta, jikoki su kewaye ta ana jin ɗumi ana tatsuniya. A ƙauye gungumen itace ake turawa tsakiyar ɗaki ya kwana yana ci. Sannan ga gadon ƙasa, wanda shi ne na'urar ɗumama ɗaki ta Bahaushe tun asali: dandamali ne na laka da aka bar wa rami a ƙasa, a zuba garwashi a ciki, zafi ya ratso ya gasa mai kwanciya. Tsofaffi na amfani da shi, amma babbar mai shi ita ce maijego. Kwana arba'in tana wankan tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, tana shan kunun kanwa, tana kwanciya a kan gado mai wuta a ɗakin da aka toshe ko'ina don kada sanyi ya shige ta, jaririnta na gefe.

Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun lura da wannan al'ada a shekarun 1970, saboda yawan matan Zariya da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa. Davidson da Parry sun wallafa bincikensu a 1978 kan mata 224, suka ɗora laifin a kan haɗuwar zafi mai tsanani da gishirin kanwa. Zuciyar uwa suke bincike, ba huhun jariri ba. Sai daga baya duniya ta waiwayi tambayar da ta fi sauƙi: me ɗan kwana bakwai ke shaƙa a irin wannan ɗaki?

Kada a ɗauka kakanni ba su san abin da suke yi ba. Hayaƙi yana da aiki a gidan da. Kunkunniyar da ke baƙanta jinka ita ke hana gara da ƙwari cin ta, har rufi ya ƙara shekaru. Zangarniyar gero da dawa da aka ware don iri a saman murhu ake rataye ta, ta kai damina lafiya. Sauro ba ya son ɗaki mai hayaƙi, kuma a zamanin da babu gidan sauro wannan ba ƙaramar riba ba ce. Ga turaren wuta, wanda matan Borno da na Chadi suka gwanance a kai: itacen sandal da hawi da kajiji da farce, a jiƙa da turare da sukari, a barbaɗa a garwashi, ɗaki da tufafi da jiki su ɗauki ƙamshi. A Kilomita Biyar, inda Hausawa da Barebari da Larabawan Chadi suka cuɗanya, wannan al'ada tana gida. Mutumin da ya tashi yana jin cewa ɗaki mai daraja shi ne mai hayaƙin ƙamshi, da wuya a gamsar da shi cewa hayaƙi cuta ne.

Abin da ya rage wa hayaƙin da kaifi shi ne ɗakin kansa yana numfashi. Rufin ciyawa ba ya riƙe hayaƙi. Da safe a ƙauye za ka ga yana tsattsafowa ta jinka ko'ina. Tsakanin bango da rufi akwai tazara, asabari ba ƙyaure ba ne. Iska na shiga tana fita ko da an ce an rufe ɗaki.

Duk da haka toshe ɗaki yana da farashinsa tun a wancan lokaci. Sanƙarau cutar rani ce. Busasshiyar iska mai ƙura tana ƙuje fatar cikin hanci da maƙogwaro, ta buɗe wa ƙwayar cutar hanya, sannan mutane goma a ɗaki ɗaya rufaffe su raba ta a tsakaninsu. Likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana taswirar yankin da annobar ke yawo a 1963, kuma ƙasar Hausa na tsakiyarta, arewacin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ma na ciki. A 1996 cutar ta kama fiye da mutum 100,000 a arewacin Najeriya, ta kashe fiye da 11,000. Allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 ce ta karya lagon nau'in da ya fi ɓarna.

Turawan mulkin mallaka su ma sun damu da iska, sai dai maganinsu nisa ne. A Najeriya, dokar birane ta Gwamna Lugard ta 1917 ta tanadi fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don sauro da cuta kada su tsallaka. A Bangui ma tsarin bai sha bamban ba. Ba a gyara iskar talaka ba, an dai matsar da shi.

Abin da ya sauya ɗakin Bahaushe da gaske jirgin ƙasa ne ya kawo shi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma a bayansa kwanon rufi da siminti da kananzir suka shigo. Kwano ya raba mutane da yaɓen soro duk shekara da gobarar jinka, ya kuma zama shaidar cewa mai gida ya samu. Sai bulo, sai silin, sai ƙyauren ƙarfe da tagar gilashi. A cikin shekaru hamsin ɗakin ya daina yoyon ruwa, ya kuma daina yoyon iska. Amma kasko bai fita ba. Maijego tana nan, turaren wuta yana nan, an ƙara fitilar ƙwai da aci-bal-bal da risho. Al'adar wutar ɗaki, wadda aka gada daga ɗakin da ke numfashi, ta tare a ɗakin da ba ya yi. A nan ne, a ganin mai wannan rubutu, aka yi babbar asara, kuma an yi ta ne ba tare da kowa ya lura ba, domin kowane mataki ci gaba ne idan aka dube shi shi kaɗai.

A Bangui lamarin ya ɗauki wani salo. Ruwan da ke sauka a shekara ya kai milimita 1,500, ya kusa ninka na Kano, don haka rufin soro ba shi da wurin zama. Gidan Kokoro na bulon ƙasa ne ko ƙonanne, da kwano a kai. Ɗari irin na Katsina babu shi, hazon Bodele ma idan ya iso ya riga ya gaji. Amma abin da sanyi ke yi a arewa na wata uku, ruwa na yin sa a nan na kusan wata takwas: yana kora murhu daga tsakar gida zuwa baranda, ko ɗan ɗakin girki na kwano marar taga, ko bakin ƙofar ɗakin kwana. Itacen damina kuma jiƙaƙƙe ne. Mai girki ta durƙusa tana hura wuta da baki ko tana fifita da murfin roba, idonta na hawaye, farin hayaƙi mai kauri na bugun fuskarta da ta goyon da ke bayanta, kafin wutar ta kama sosai an yi minti goma. Ɗanyen itace ba ya ci da kyau, kuma duk wutar da ba ta ci da kyau hayaƙinta ya fi yawa, ya fi guba.

Zaɓi kaɗan ne. Ƙididdigar hukumomin duniya ta nuna kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai na mutanen ƙasar ke girki da makamashi mai tsabta irin gas ko lantarki. Tukunyar gas sai ta yi tafiyar kusan kilomita 1,500 daga Duwala, ta Garoua-Boulaï da Bouar, kafin ta iso, kuɗinta ya fi ƙarfin mai sayar da tumatir. Masu lantarki a ƙasar ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. Wutar Bangui daga madatsun Boali take zuwa, a kan kogin Mbali, tashar farko tun tsakiyar shekarun 1950, ta biyu a 1976, kuma kamfanin lantarki na ENERCA ya daɗe yana rabon ta unguwa-unguwa, awa-awa. Tashoshin hasken rana na Sakaï da Danzi da aka buɗe a 2023 sun ƙara wani abu, amma ba su kori janareta daga kasuwa ba. Janareta kuwa, saboda tsoron ɓarayi, a lungu ko a baranda ake ajiye shi, wani ma a cikin shago.

Rikicin da ya fara da shigowar 'yan tawayen Seleka Bangui a Maris 2013, ya kuma ƙazanta da harin abokan gabarsu 'yan anti-balaka na 5 ga Disamba, ya bar tabonsa har a wannan fanni. Kilomita Biyar ta zama tsibirin da Musulmin da suka rage ba sa iya fita daga cikinsa, gidaje da dama a Kokoro da maƙwabtanta suka zama kango, mutum kusan 100,000 suka tare a filin jirgin saman M'Poko suna girki a bakin tantin leda. Da aka fara komawa an sake gini da abin da ya samu, cikin gaggawa. Kuma wanda ya ga abin da aka gani a waɗannan shekaru ba ya kwana da taga a buɗe don wani ya ce masa iska na da amfani.

To ina matacin zamani ya shigo? Asalinsa ba don huhun mutum aka yi shi ba. A farkon ƙarni na 20 gidajen Amurka sun koma ɗumama ɗakuna da wani babban murhu da ke ƙarƙashin gida, fanka na tura iska mai ɗumi ta bututu zuwa kowane ɗaki, tana kuma janyo ta ta dawo. Ƙura da gashi da zare sukan taru su toshe injin, shi ya sa aka sa masa shinge. A 1932 kamfanin Owens-Illinois ya fito da mataci na zaren gilashi mai suna Dust-Stop, mai arha, wanda idan ya cika a jefar a sa sabo. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masu aikin bam ɗin nukiliya na Amurka sun bukaci abin da zai tare ƙurar da ido ba ya gani, daga nan aka samu matacin HEPA, wanda ke kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu girman maikiron 0.3. Gashin kan mutum kaurinsa maikiron 50 zuwa 70 ne.

Daga baya ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE ta tsara ma'aunin MERV, daga 1 zuwa 16, don mai saye ya san abin da ya saya. Na ƙasa-ƙasa injin kawai suke karewa. Daga 8 ana kama ƙurar gida da garin fure. Sai an kai 13 ake fara kama hayaƙi da gaske, shi ya sa aka yi ta ba da shawararsa a lokacin korona. Ƙa'idojin amfani ba su da yawa: girmansa ya dace da gurbinsa don kada iska ta zagaye ta gefe, kibiyar da ke jikinsa ta fuskanci inda iska ta nufa, siririn a sake shi kamar duk wata uku, ko ƙasa da haka idan ƙura ta yi yawa. Wanda ya fi ƙarfin fankar kuma wahalar da ita zai yi, ya ja wuta, iska ta ragu. A 2020 wasu Amurkawa biyu, Richard Corsi da Jim Rosenthal, sun nuna cewa idan aka haɗa irin waɗannan matatai huɗu da fanka mai kusurwa huɗu da salatif, an samu na'urar tace iska mai arha da ke aiki sosai.

Abin da ya iso mana daga wannan tarihi guntu ne: 'yar ragar roba da ke cikin na'urar sanyaya ɗaki a banki da otal da gidan mai hali. Ita ma injin take karewa. Tana kama ƙura mai gwaɓi, kuma idan ba a zare ta an wanke duk mako biyu a lokacin rani ba, sanyi ya ragu, kuɗin wuta ya ƙaru. Amma a sa ran ta tare hayaƙi, kamar a tari hayaƙi da rariyar tankaɗe ne, domin yawancin ƙwayoyinsa ba su kai maikiron ɗaya ba. Su ne ke wuce hanci da maƙogwaro su sauka can ƙasan huhu, wasu su shiga jini. Iskar kabon monoksaid kuwa, wadda gawayi da janareta ke fitarwa, ba ta da launi ba ta da wari, kuma ko HEPA ba ya kama ta. Ita ce ke kwantar da iyali guda a wayi gari ana cewa aljanu ne ko guba aka sa a abinci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, cikinsu akwai yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000, yawanci ta ciwon huhu. Tun 2014 ta shawarci ƙasashe su daina ƙarfafa amfani da kananzir a gida.

An yi ƙoƙarin gyara murhun kansa. A Nijar, bayan farin shekarun 1970 da 1980, an yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi da na laka mai suna Albarka. A Najeriya ƙarancin kananzir na shekarun 1990 ya haifi murhun garin katako da aka laƙaba wa sunan Abacha, daga baya kuma aka kawo Save80 ta Kaduna da Kano. Kusan dukkansu don tsimin itace aka ƙera su, kuma sun yi wannan aiki. Batun lafiya ne bai zo da sauƙi ba. Wani babban gwaji da aka yi a ƙauyuka 150 na Malawi, da yara fiye da 10,000, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2016, ya gano cewa raba murhu mai ƙarancin hayaƙi bai rage ciwon huhun yara ba. Yaro ba daga murhun uwarsa kaɗai yake shaƙa ba: ga na maƙwabta, ga ƙona shara, ga fitila, ga tsohon murhu da ake komawa kansa idan sabon ya lalace. Duk wanda ya san yadda gidajen Kokoro suke manne da juna ba zai yi mamakin wannan sakamako ba.

Akwai kuma baƙon da ya gaji aikin korar sauro, wato maganin sauro na nadi da ake kunnawa a kwana da shi a ɗaki rufe. Wani bincike na 2003 ya nuna guda ɗaya na iya fitar da ƙananan ƙwayoyin hayaƙi daidai da na taba sigari 75 zuwa 137. Uban da ba zai yarda a busa sigari kusa da ɗansa ba, shi ne ke kunna wannan a ƙarƙashin gadon yaron da hannunsa.

Saboda haka mutumin Kokoro, ko na Fagge, ko na Zongon Kumasi, idan zai kashe kuɗi don iskar ɗakinsa, mataci ne abu na ƙarshe a lissafi, ba na farko ba. Mai lantarki tsayayye da mai asma a gida, na'urar HEPA za ta yi masa amfani a lokacin hazo, muddin ya tabbatar zai samu matacin canji a kasuwa kafin ya saya. Sauran jama'a aikinsu na hannun magini da mai girki. Mai sabon gini ya ware madafa daga ɗakin kwana, ya bar mata buɗaɗɗen gefe da tazara a ƙarƙashin kwano, ya sa wa ɗakuna tagogi biyu masu fuskantar juna da raga da ƙarfen tsaro, yadda za a iya barin su a buɗe da dare. A tanadi busasshen itace tun kafin damina. Janareta ya kwana a fili, nesa da taga, ko da za a ɗaure shi da sarƙa. Kaskon garwashi, na jin ɗumi ne ko na turare, a fitar da shi kafin a rufe ƙofa, gidan sauro ya maye gurbin maganin nadi. Jaririn da ake goye da shi a bakin murhu kuma, a miƙa wa wani ya riƙe shi har a sauke tukunya.